Bayan An Hana Ɗalibi Biza: Dalilan Hani Da Hanyoyin Sake Nema

Samun gurbin karatu a jami'ar ƙetare da samun izinin shiga ƙasar da jami'ar take al'amura ne biyu mabambanta, kuma hukumomi biyu ne ke yanke hukunci a kansu, kowace da nata ma'auni. Jami'a tana duba sakamakon jarrabawa da cancantar ɗalibi ta fuskar ilimi, yayin da hukumar shige da fice, ta hannun jami'an biza da ke ofisoshin jakadanci ko cibiyoyin tantancewa, take neman amsar tambayoyi uku: ko karatun ne ainihin manufar tafiyar, ko akwai kuɗin da zai ɗauki nauyinsa, da kuma ko mai nema zai mutunta sharuɗɗan izinin da aka ba shi. Wannan ne ya sa ake samun ɗalibin da ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya, jami'a ta karɓe shi hannu bibbiyu, iyaye su biya kuɗin kafin alƙalami, amma takardar da za ta fito daga ofishin biza ta zo da hani.

Alƙaluman Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka sun nuna cewa an ƙi amincewa da kimanin kashi 36 cikin 100 na buƙatun bizar ɗalibai daga duk faɗin duniya a shekarar kasafi ta 2023, adadin da ya haura zuwa kimanin kashi 41 a 2024. Wani rahoto da wata ƙungiyar shugabannin jami'o'in Amurka ta fitar tare da kamfanin Shorelight a 2023 ya nuna cewa ɗaliban Afirka ne suka fi kowa fuskantar wannan matsala, domin an hana kashi 54 cikin 100 na masu nema daga nahiyar a 2022. Duk da haka, ɗaliban Najeriya fiye da 20,000 ne suka yi karatu a Amurka a zangon 2023/2024, abin da ya ɗora ƙasar a matsayi na bakwai a duniya, kuma a cikinsu akwai waɗanda sai a karo na biyu ko na uku suka samu. Abin da ke raba wanda ya dace a nema na biyu da wanda ya sake asarar kuɗinsa, a mafi yawan lokuta, shi ne fahimtar irin hanin da aka yi masa, domin hanin iri huɗu ne, kuma kowanne yana da hanyar da ake tunkararsa.

Hani Saboda Giɓi A Takardu

Iri na farko, wanda kuma ya fi sauƙin gyarawa, shi ne wanda ke faruwa saboda takardun da aka gabatar ba su cika ƙa'idar da aka gindaya ba, kuma tsarin Birtaniya ne ya fi fito da shi fili. Bizar ɗalibai ta Birtaniya, wadda ta maye gurbin tsohon tsari a watan Oktoban 2020, tana tafiya ne bisa maki 70 da dole mai nema ya cika: maki 50 na takardar CAS, wato lambar tabbacin karɓa da jami'a ke bayarwa ta kwamfuta bayan ta amince za ta tsaya wa ɗalibi, sai maki 10 na ƙwarewa a harshen Turanci, da maki 10 na shaidar kuɗi. A waɗannan maki goma na ƙarshe ne ɗaliban Najeriya da dama ke tuntuɓe.

Ƙa'idar ta ce dole ne a nuna ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko da ba a biya ba, haɗe da kuɗin guzuri na wata 9, wanda a watan Janairun 2025 aka ƙayyade shi a kan fam 1,483 duk wata ga mai karatu a Landan da fam 1,136 ga na sauran garuruwa, kuma adadi ne da ake ɗagawa lokaci bayan lokaci. Dole ne kuɗin su zauna a asusun banki kwana 28 a jere ba tare da sun yi ƙasa da adadin da ake buƙata ba ko da na wuni ɗaya, sannan ranar ƙarshe ta waɗannan kwanaki kada ta wuce kwana 31 kafin ranar miƙa buƙata. Tunda ana auna kuɗin ne da farashin canji na ranar da aka miƙa buƙatar, faɗuwar darajar naira na iya rage ƙimar abin da aka ajiye ba tare da an taɓa ko kwabo ba, kamar yadda iyalai da dama suka gani bayan Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira a watan Yunin 2023, lokacin da dala ta tashi daga kimanin naira 460 har ta zarce naira 1,500 a farkon 2024. Saboda haka masu ba ɗalibai shawara ke jaddada a ajiye fiye da abin da lissafi ya nuna.

Akwai kuma wani sharaɗi da ya ci karo da yadda ake ɗaukar nauyin karatu a gidajen Hausawa. Hukumar Birtaniya tana karɓar asusun ɗalibi ne da kansa, ko na mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ko na wanda shari'a ta naɗa masa a matsayin mai riƙo, tare da takardar haihuwa da wasiƙar amincewar mai asusun, ko kuma wasiƙar hukuma mai ɗaukar nauyi irin su gwamnati da jami'a. A ƙasar Hausa kuwa, sau da yawa baffa ne ko kawu ko babban wa ke biya wa yaro makaranta tun daga firamare, kuma babu wanda zai ce masa ba uba ba ne, amma asusunsa ba ya shiga cikin waɗanda ƙa'idar ta amince da su. Hanyar da ta dace ita ce mai ɗaukar nauyin ya tura kuɗin asusun ɗalibin ko na mahaifinsa tun da wuri, su cika kwanakinsu a can, kuma a ajiye shaidar inda suka fito. Haka batun yake ga iyalan da dukiyarsu ke cikin shanu, gonaki, filaye ko hajar kasuwa, domin wajibi ne a mayar da abin da za a kashe zuwa kuɗin banki da wuri, a kuma adana rasit da takardun ciniki.

Saɓanin suna da na ranar haihuwa su ma suna cikin wannan rukuni. Ana iya samun Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar WAEC ko NECO, da Muhammed a shaidar digiri, ko kuma a ga sunan gari a wata takarda da sunan kaka a wata, ga ranar haihuwar da aka yi rantsuwa a kanta a kotu ta saɓa da wadda ke lambar NIN. Irin wannan saɓani yana buƙatar a daidaita shi ko a yi bayaninsa a rubuce kafin a sake nema. Takardar gwajin tarin fuka, wadda Birtaniya ke buƙata daga mazauna Najeriya, sai daga asibitin da ta amince da shi take karɓuwa, kuma wa'adinta wata 6 ne, don haka tana iya ƙarewa tsakanin nema na farko da na biyu. A tsarin Amurka, takwaran wannan rukuni shi ne sashe na 221(g), wanda ke nufin an dakatar da hukunci har sai an kawo ƙarin takardu ko an kammala wani bincike, kuma ana ba mai nema shekara guda ya cike giɓin ba tare da ya sake biyan kuɗi ba.

Hani Saboda Shakku A Kan Niyya

Iri na biyu ya fi wuyar sha'ani, domin takardu na iya cika amma jami'in ya ƙi gamsuwa. Dokar shige da fice ta Amurka ta 1952, a sashenta na 214(b), ta ɗauki duk mai neman bizar wucin gadi a matsayin mai niyyar zama dindindin har sai ya tabbatar da akasin haka, wato nauyin kawo hujja yana wuyan ɗalibi ne. Bayan jami'a ta ba shi fom ɗin I-20, wanda ke nuna kwas ɗin da zai yi da kuɗin da zai ci, ya kuma cike fom ɗin DS-160 ta intanet, sai ya bayyana a ofishin jakadanci da ke Abuja ko ƙaramin ofishin da ke Legas domin ganawar da ba ta cika wuce 'yan mintuna ba. A cikin wannan ɗan lokaci ake son ya bayyana dalilin zaɓen wannan jami'a da wannan fanni, wanda zai biya kuɗin da sana'arsa, da abin da zai yi da ilimin bayan ya dawo. Ƙa'idojin aikin jami'an sun yarda cewa matashi ba lallai ne ya mallaki gida ko aiki ko iyali ba, don haka abin da ake aunawa shi ne niyyarsa a lokacin nema da kuma daidaituwar bayanansa. Amsar da aka haddace daga bakin dillali, wadda jami'in ya riga ya ji irinta daga mutane da yawa a rana guda, tana cikin abubuwan da suka fi jawo shakku.

Kanada ma tana da makamancin wannan tanadi a sashe na 216 na ƙa'idojin shige da ficenta, wanda ya wajabta jami'i ya gamsu cewa ɗalibi zai bar ƙasar idan wa'adinsa ya cika, sai dai a can galibi ba a yin ganawa, takardu ne ke magana a madadin mai nema. Wasiƙar bayanin manufa, wato rubutun da ɗalibi ke bayyana tsarin karatunsa a ciki, ita ce bakinsa a gaban jami'in. Shakku yakan taso idan mai digiri na biyu ya nemi yin difloma a fannin da bai da alaƙa da abin da ya karanta, ko idan akwai shekaru masu yawa tsakanin gama makaranta da neman gurbi ba tare da bayanin abin da aka yi a cikinsu ba, ko idan wasu maƙudan kuɗi suka faɗo asusu dab da lokacin nema ba a san tushensu ba. Ƙasar ta kuma tsaurara sharuɗɗanta a 2024, inda ta ɗaga kuɗin guzurin da ake nunawa daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635, ta ƙayyade yawan izinin karatu da za ta riƙa bayarwa, sannan a watan Nuwamba ta rufe shirin gaggawa na musamman da ta ware wa ɗaliban Najeriya. Birtaniya ita ma tana iya kiran ɗalibi ganawa domin tabbatar da cewa ɗalibi ne na haƙiƙa, kuma wanda ya kasa faɗin darussan da zai ɗauka ko garin da jami'arsa take yana iya rasa bizar ko da makinsa ya cika.

Hani Saboda Yaudara

Iri na uku shi ne mafi muni, kuma shi ne wanda rashin haƙuri bayan hanin farko ya fi jefa mutane a cikinsa. Gabatar da takardar banki ta jabu, ko sakamakon jarrabawa da aka sauya, ko wasiƙar aiki daga kamfanin da babu shi, ko ɓoye cewa an taɓa hana mutum biza, duk suna shiga ƙarƙashin yaudara. Birtaniya tana hukunta wannan da haramcin shekara 10, Kanada da shekara 5 a ƙarƙashin sashe na 40 na dokarta, Amurka kuwa haramcinta na har abada ne sai dai idan an samu yafiya ta musamman, wadda ba kasafai ake samu ba. Waɗannan ƙasashe uku, tare da Ostireliya da New Zealand, suna musayar bayanan shige da fice har da zanen yatsu, saboda haka sauya fasfo ko komawa wata ƙasa neman biza ba ya shafe tarihin da aka riga aka rubuta. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a wannan fage kwamfuta ta ƙara ƙure shi.

Abin da ya kamata kowane ɗalibi da iyayensa su sani shi ne, a idon doka mai nema ne ke da alhakin duk abin da aka miƙa da sunansa, ko da dillali ne ya cike fom ɗin ya kuma haɗa takardun ba da saninsa ba. Dillalan da ke alƙawarin cewa biza tabbas ce, ko suke tayin zuba kuɗin haya a asusu na 'yan makonni, ko suke riƙe adireshin imel da kalmar sirrin mai nema a hannunsu, suna sayar da haɗari ne wanda ba su za su ɗauki sakamakonsa ba. Idan fom ya tambaya ko an taɓa hana mutum biza, amsar gaskiya tare da taƙaitaccen bayanin abin da ya sauya ita ce mafi aminci, domin hanin da ya gabata shi kaɗai ba ya rufe ƙofa, amma ɓoye shi yana rufewa.

Hani Saboda Manufar Gwamnati

Iri na huɗu bai shafi cancantar ɗalibi ba ko kaɗan, domin yana fitowa ne daga shawarar siyasa. Daga ranar 1 ga Janairun 2024 Birtaniya ta hana mafi yawan masu digiri na biyu zuwa da mata ko miji da 'ya'ya, in ban da masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ke ɗaukar nauyinsu, matakin da ya shafi 'yan Najeriya ƙwarai. A Amurka, an umarci masu neman bizar ɗalibai a watan Yunin 2025 su buɗe shafukansu na sada zumunta domin a duba, a watan Yuli aka taƙaita mafi yawan bizar 'yan Najeriya zuwa shiga sau ɗaya cikin wata 3, sannan a watan Disamba fadar shugaban ƙasar ta fitar da sanarwar da ta sa Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar da ba su wasu nau'o'in biza har da na ɗalibai daga farkon 2026, ta kuma sa Nijar cikin waɗanda aka yi wa cikakken haramci, sahun da Chadi ta riga ta shiga tun watan Yuni. Irin waɗannan matakai suna zuwa suna kuma sauyawa, don haka wajibi ne a duba shafin hukuma na ƙasar da ake nufi kafin a biya ko sisi, domin babu gyaran takarda ko ƙwarewar ganawa da zai yi tasiri matuƙar matakin yana aiki.

Ƙalubalantar Hukunci Ko Sabon Nema

Mataki na farko bayan hani shi ne karanta takardar da natsuwa, a gano sashen dokar da aka kafa hujja da shi, sannan a tantance ko kuskuren na jami'in ne ko na mai nema. A Birtaniya akwai abin da ake kira bitar hukuma, wato a nemi wani jami'i daban ya sake duba fayil ɗin, kuma dole ne wanda ke wajen ƙasar ya nema cikin kwana 28 da samun hukunci a kan kuɗi fam 80. Bitar tana amfani ne kawai idan jami'in ya yi kuskuren lissafi ko ya tsallake wata takarda da aka riga aka miƙa, domin a ƙa'ida ba a karɓar sabuwar shaida, tana iya ɗaukar watanni, kuma miƙa sabuwar buƙata yana soke ta. A Kanada ana iya kai ƙara Kotun Tarayya cikin kwana 60 ga hukuncin da aka yanke a wajen ƙasar, sai dai kotun ba ta bayar da izinin da kanta, iyakarta ta mayar da fayil ga wani jami'i idan ta ga hukuncin bai tsaya a kan hujja ba, ga kuma tsadar lauya. Mai nema yana iya samun bayanan da jami'in ya rubuta a kan fayil ɗinsa, waɗanda suka fi takardar hani fayyace dalili. A Amurka kuwa babu ɗaukaka ƙara a kan sashe na 214(b), sabon nema ne kaɗai hanya.

Doka ba ta ƙayyade lokacin jira kafin a sake nema ba a hanin da bai shafi yaudara ba, amma hankali ya ƙayyade, domin buƙatar da aka maimaita ba tare da wani sauyi ba galibi amsa ɗaya take samu, kuma kowane hani yana ƙara nauyi a kan tarihin mai nema. Akwai kuma lissafin kuɗi. Amurka na karɓar dala 185 a kowane nema kuma ba ta mayarwa, amma dala 350 na rajistar SEVIS, wato rumbun bayanan ɗaliban ƙetare, yana ci gaba da aiki har wata 12 ga wanda aka hana. Birtaniya, wadda kuɗin bizarta ya koma fam 524 a watan Afrilun 2025, ba ta mayar da shi, sai dai tana mayar da kuɗin inshorar lafiya na fam 776 a kowace shekara. Lambar CAS sau ɗaya ake amfani da ita, don haka dole a koma wa jami'a neman sabuwa, kuma jami'ar tana iya jan ƙafa, domin lasisinta na ɗaukar ɗaliban waje ya dogara ne da ƙarancin yawan waɗanda ake hanawa a cikin ɗalibanta. Wannan ne ya sa ya dace a sanar da ofishin ɗaliban ƙetare na jami'ar nan take, a tura musu takardar hanin, a kuma nemi ɗage gurbin zuwa zango na gaba, misali daga Satumba zuwa Janairu, maimakon a yi gaggawar haɗa takardu cikin mako guda.

Sauyin da ke da tasiri shi ne wanda ya amsa dalilin hanin kai tsaye. Wanda aka yi shakkar kuɗinsa yana buƙatar tarihin asusu mai tsawo da shaidar tushen dukiya, ko tallafin karatu daga jami'a ko wata hukuma, wanda shi ne mafi ƙarfin shaida. Wanda aka yi shakkar manufarsa yana buƙatar kwas da ya ɗora a kan abin da ya karanta ko yake aiki a kai, da wasiƙar hutun karatu daga wurin aikinsa idan ma'aikaci ne, da bayanin da ya fito daga tunaninsa. Cibiyoyin EducationUSA da ke Abuja da Legas da ofisoshin ɗaliban ƙetare na jami'o'i suna bayar da shawara a kan waɗannan abubuwa ba tare da kuɗin dillanci ba.

Nauyin Da Ke Kan Iyali

Hanin biza yana zuwa da raɗaɗin da ya wuce asarar kuɗi, musamman inda aka riga aka yi sallama da dangi, aka sayar da fili ko aka ci bashi, labari kuma ya bazu a unguwa. Ɗalibai da yawa sukan ɓoye takardar saboda kunya, su koma hannun dillalin da ya yi musu alƙawarin gyara, kuma ta nan ne hanin da za a iya warwarewa cikin wata uku yake rikiɗewa zuwa haramcin shekaru. Iyaye da 'yan uwa suna da rawar takawa ta hanyar ɗaukar lamarin a matsayin hukuncin ofis a kan fayil, su zauna da ɗalibin a karanta dalilin tare, a yi lissafin abin da iyali za su iya ɗauka ba tare da sun durƙushe ba. Wani lokaci sakamakon lissafin shi ne a jinkirta shekara guda a tara shaida mai ƙarfi, wani lokaci a karkata zuwa ƙasashen da ɗaliban Arewa suka daɗe suna zuwa irin su Masar, Malesiya, Indiya da Turkiyya bayan an tabbatar Najeriya ta amince da shaidar makarantar, wani lokaci kuma a yi digiri na biyu a Zariya, Kano, Sakkwato ko Maiduguri sannan a nemi tallafin digiri na uku a waje da hujjar da ta fi ta farko ƙarfi. Gwamnatocin jihohi da hukumomin da ke tura ɗalibai ƙetare su ma suna da alhakin fitar da wasiƙun ɗaukar nauyi a kan lokaci da biyan kuɗin makaranta kamar yadda suka alƙawarta, tare da horar da jami'an da za su riƙa duba takardun ɗalibai kafin a miƙa su, domin da yawa daga cikin kurakuran da ke jawo hani ana iya gano su tun a gida.